Mokoyo ko bayan Zariya: amsa ga mai son barin cikin gari

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana haya a unguwar Mokoyo, cikin garin Maraɗi, kai da maiɗakinka da yara uku, hayaniya ta ishe ka, kuma an yi maka tayin fili can gaba da unguwar Zariya, inda gidaje suka fara tsinkewa rairayi ya karɓe. Kana so a ɗora maka biyun a sikeli. Ni a unguwar Ɗan Gulbi aka yanke mini cibiya, yanzu kuma damina huɗu na yi a bayan gari, saboda haka kowanne na ɗanɗana.

Shirun da kake nema yana nan. In an sallame isha'i ba ƙarar injin markaɗe, ba kabu-kabu, sai kukan zabi da haushin kare daga nesa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, bangon cikin gari yakan sha rana ya yi ta amayar da ita har tsakar dare, mu kuwa tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida iska ta same mu. Sauro ma da sauƙi, don rairayi na shanye ruwa, babu kwatami a ƙofar kowa. Sai dai hunturu yana rama wa ƴan cikin gari. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba ginin da zai tare maka iska, ƙura har cikin tuwo, da safe kuma sai ka sa shebur ka kwashe yashin da ya taru kafin ƙyaure ya buɗe. Takalmi ma sai ka kakkaɓe saboda kunama.

Inda maganar take shi ne ruwa. Tun da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a kwari aka hawo da Maraɗi kan tudu, garin ƙara nisa yake da gulbi. A fadama, irin su Jiratawa, ruwa na kusa, a tudu kuwa sai an yi haƙa mai zurfi. A Mokoyo ko ba fanfo a gidanka akwai na kan kwana, ɗan ga-ruwa kuma kira ɗaya ya iso. A sabuwar unguwa fili ake fara yankawa a sayar, bututu ya biyo baya in Allah ya so. Mai kura ba ya son tura ta cikin rairayi, in ya yarda sai ya ƙara kuɗi, galibi ma amalanken jaki ko na shanu ake jira. Shekararmu ta farko, maiɗakina ta san adadin bidon, wato jarkoki, masu ruwan ɗorawa da ke gidan kamar yadda ta san ƴaƴanta: wannan na sha, wannan na girki, ruwan ɗaurayar kaya kuma a zuba wa itacen bedin da na dasa. Ranar sunan autanmu mai amalanke bai zo ba sai azahar, mata sun cika gida, tukwane a bushe. Har yau in ta tuna sai ta harare ni. Abin da ya cece mu wani maƙwabci ne da ya yi rijiyar burtsatse da tanki, yana sayar wa unguwa.

Wuta ba ta kai ruwa ciwo ba. Farantin hasken rana da batir sun isa fitila da fanka da cajin waya. A Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, gidanmu ƴan'uwa na cikin gari suka riƙa kawo wayoyinsu.

Nisa kuwa kullum ake biyansa. Adaidaita inda kwalta ta ƙare nan yake sauke ka. In kana da babur, lissafa mai na zuwa aiki da kai yara makaranta da cefanen Litinin da Juma'a a babbar kasuwa, ka ɗora a kan abin da kake ganin ka huta da shi na haya. In ba ka da shi, tuna naƙuda da zazzaɓin yaro ba su duba agogo.

Akwai kuma abin da mu maza ba mu cika sawa a lissafi ba. Kai da safe za ka fita, ka wuni cikin mutane, ka dawo ka ji daɗin shiru. Maiɗakinka ce za ta wuni da shirun. A tsohuwar unguwa tana da adashinta, da maƙwabciyar da za ta miƙo mata gishiri ta kan katanga, da wadda za ta riƙe mata yaro ta je barka ko gaisuwa. In tana ƙuli-ƙuli ko fura ko tuyar ƙosai, masu saye na ƙofar gida. A can tsakaninta da gida mai mutane sai ta wuce kangaye biyar. Kangayen nan kuma su ne maɓoyar masu satar awaki da ƙarfen gini. Maiɗakina wata shida ta yi tana neman dalilin zuwa gidansu.

Batun takarda gajere ne: kada ka ba da ko dala sai ka kai lambar filin ofishin magajin gari an duba, ka kuma ga duwatsun iyaka da idonka. Fili ɗaya an sha sayar wa mutum biyu. Masu kamasho za su cika maka kunne da jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka fara aikinsa a 2021, wai gobe kuɗin fili zai ninka. Kai wurin zama kake nema, ba caca ba. Ka je ka ga filin a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, don wani wurin da ka gani shimfiɗe da rani hanyar ruwa ce.

Da ni ne kai, zan sayi filin in takarda ta fita tas, in kewaye shi, in dasa bedi biyu, in ci gaba da zama Mokoyo har fanfo ya iso layin ko a samu tanki kusa. Kafin nan ka ɗauki maiɗakinka ku je da rana tsaka, ba da la'asar ba lokacin da ko'ina ke da kyau, ka bar ta ta shiga gidan da ya fi kusa ta tambayi matar gidan nawa take kashewa a ruwa kowane mako.