Wace tsohuwar taswira ta cancanci kuɗinka kafin ka fita da na'urar gano ƙarfe?

Na'urar gano ƙarfe ba ta san inda mutane suka taɓa zama ba. Ƙara kawai take yi in ta hau kan ƙarfe, ko kobon Turawa mai huji ne ko marfin kwalbar lemo. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a na'ura ya ƙi neman taswira, yini zai yi yana tono ƙusoshi da gwangwanin madara. Abin da muke nema a karkarar Kano da Jigawa shi ne kufai, da kasuwar da ta tashi, da zangon fatake, da bakin kogi inda ake biyan kuɗin fito, domin inda ake kwance lalita nan kuɗi ke faɗuwa. Yau duk wuraren nan gonakin gero da gyaɗa ne, sai dai a takarda za ka gane su.

In taswira ɗaya tak za ka saya, ka sayi ta safiyo mai ma'aunin 1:50,000, irin wadda aka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 da 1960. A kanta santimita biyu kilomita ɗaya ce a ƙasa, kowane falle kuma yana ɗauke da fili kusan kilomita 27 kowane gefe. Ana raba babban falle gida huɗu: arewa maso gabas, arewa maso yamma, kudu maso gabas, kudu maso yamma, saboda haka ka san ɓangaren da ƙauyenka ya faɗa kafin ka je ofishin safiyo, kada ka dawo da na maƙwabta. Abin da ya sa nake ji da ita shi ne ba ta raina ƙananan abubuwa. Tana nuna ƙauye mai gida goma, da hanyar ƙafa, da rijiya, da fadama, da inda hanya ta ƙetare rafi. Kuma ta riga manyan ayyukan da suka sauya fuskar ƙasar nan. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka tashi ƙauyuka, aikin noman rani ya baje filaye a Kura da Bunkure da Kadawa. Fallen da aka zana kafin wannan lokaci yana nuna ƙasar yadda kakanninmu suka taka ta.

Yadda ake aiki da ita ba wuya. Ka shimfiɗa ta, ka buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, a waya, ka bi hanyoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka ga hanyoyi uku ko huɗu sun haɗu a taswira, amma a hoton yau babu komai sai gona da kukoki a cure, ka yi alama. Kuka da yawa wuri guda, da ƙasa mai toka-toka, da sakaina a kan kunya bayan an yi huɗa, yawanci zaman mutane ne. Ka duba kuma gefen layin dogo na Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930, wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori. Jirgi ya ja ciniki zuwa tasha, wasu tsofaffin kasuwanni suka mutu a baya, kuma a irin su ne anini da sisi da taro ke kwance.

Raunin wannan taswira ɗaya ne: garin da ya watse tun zamanin yaƙe-yaƙe ba lallai ya fito a kanta ba. Nan sai ka koma ga rahotannin kimanta haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta bayan cin Kano a 1903, waɗanda ke ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Da yawansu na ɗauke da zanen gunduma na hannu da sunayen ƙauyuka. Sunan za ka ɗauka, ba nisan ba, sai ka kai wa dattijon gari tare da goronsa, ka ce: "Baba, ina aka ce wannan gari yake a da?" Sau da yawa da sandarsa zai nuna maka.

Sauran kuwa, a taƙaice. Taswirar tafiyar Barth, matafiyin nan Bajamushe wanda ya bar Kano a 1851 ya bi ta Gezawa da Garki zuwa Gumel, tana da daɗin kallo, amma ba za ta kai ka gona ba. Ta sojan Amurka mai ma'aunin 1:250,000 kyauta ce a shafin laburaren Jami'ar Texas, sai dai ɗigon alƙalami a kanta ya rufe unguwa guda. Hotunan tauraron leƙen asiri na Corona, na tsakanin 1960 da 1972, suna fito da zagayen ganuwa da kyau ga mai kwamfuta da haƙuri.

Yanzu ga abin da nake fara dubawa kafin in miƙa kuɗi: gefen takarda. An taɓa sayar mini da fotokwafi a wani shago, an yanke gefensa an kuma rage girmansa don ya shiga takarda ɗaya, ba a gaya mini ba. Duk awon da na yi ya tashi a banza, ina ta yawo a gonar da ba ta da alaƙa da kufan da nake nema. A gefen ne ake rubuta shekarar ɗaukar hoto, da lambar falle, da layin ma'auni. Ka je da rula. In kilomita ɗaya ba ta cika santimita biyu ba, an taɓa takardar, ka ajiye masa abinsa. Ka kuma sani tsofaffin taswirorinmu a kan tsarin lambar wuri na Minna aka kafa su, wayarka kuwa da wani tsarin daban mai suna WGS 84 take aiki, tazarar tana kai gomman mitoci. Kada ka kwafi lambar wuri daga taswira zuwa waya ka bi ido rufe, ka kama rijiya ko dutse ko lanƙwasar rafi ka auna daga nan.

Masu yanke gefe ma da sauƙi a kan 'yan "taswirar dukiya". Za a kira ka gefe a kasuwa a nuna maka takarda ja, an jiƙa ta da ruwan shayi an babbake bakinta, da alamar gicciye da zanen tulu, a ce wani Bature ne ya binne zinari kafin ya gudu. Babu taswirar safiyo da ke nuna inda aka binne dukiya, aikinta nuna hanya da gari da ruwa. Wanda ya san inda tulun zinari yake ba zai sayar maka da shi a kan kuɗin buhun shinkafa ba. In ka saya, ba a gama da kai ba: gobe za a ce aljani ke gadin wurin, sai an kawo baƙin rago da turare mai tsada. Wasu har da dare suke zuwa su binne guntun tagulla, na'ura ta yi ƙara a gabanka, ka ƙara zubawa. Abokan cinikinsu su ne masu tallar sandunan ƙarfe biyu da wai ke jiyo zinari daga kilomita biyar. Na'urar gaskiya tsabar kuɗi take ji a zurfin da bai wuce kamu ɗaya zuwa biyu ba.

Ko taswirarka ta gaskiya ce, ba ta ba ka izinin tono ba. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, sannan mai gona, ka bari sai an kawar da amfani, ka cike duk ramin da ka haƙa. Kowane kufai yana da maƙabartarsa, ka tambayi inda take ka yi nesa da ita. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izininta ba, ta kuma hana fitar da su waje. In ka ci karo da munduwa ko takobi ko wurin narkar da tama, ka tsayar da tono, ka ɗauki hoto da lambar wurin, ka kai rahoto Gidan Makama a Kano.