Hattara da masu tallar kyamarar ƙarƙashin ruwa ta "4K, mita 30" a intanet

Jama'a a yi hattara, musamman masu nutso a teku, da masu iyo a saman ruwa da bututun numfashi, da duk mai shirin sayen ƙaramar kyamarar nan da ake ɗaurawa a sanda ko a goshi don ɗaukar bidiyo a cikin ruwa. Akwai wata damfara da ke yawo a tallace-tallacen Facebook da Instagram da TikTok. Sunan shagon yana canzawa, launin kwalin yana canzawa, amma salon ɗaya ne: bidiyon kifaye da murjani mai ɗaukar ido, rubutu cewa kyamarar 4K ce kuma tana jure zurfin mita 30 ko 40, sai agogo yana ƙirga mintunan da suka rage rangwame ya ƙare. Ka rufe shafin ka dawo gobe, za ka tarar agogon ya koma farko. Bidiyon kuwa galibi ba da kyamarar da ake talla aka ɗauke shi ba, sato shi aka yi daga aikin wasu.

Abin da ya tsaya wa wannan damfara shi ne tazarar lokaci. Kaya sun iso, ka kunna a ɗaki, allo ya kawo, hoto ya fito, hankalinka ya kwanta. Tafiyar nutso kuma sai bayan wata biyu ko uku. Ranar da ruwa zai shiga kyamarar, wa'adin mayar da kaya ya wuce, shagon ma ƙila ya rufe ya buɗe da wani suna. Saboda haka duk gwajin da za a yi, a yi shi a makon da kaya suka iso.

A fara da maganar zurfi, don a nan aka fi yin ƙarya. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi kwatankwacin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. A mita 30 ke nan kilo 3. Ƙofar bayan kwanson kyamara (akwatin filastik ɗin da ake saka ta a ciki don kada ruwa ya taɓa ta) mai santimita 6 da 4 tana ɗauke da nauyin kusan kilo 72 a wannan zurfin, kuma abin da ke tare ruwan ɗan zoben roba ne da makulli guda na filastik. Kamfanonin da aka sani ba sa ɓoye iyakarsu. GoPro samfurin Black, tun daga HERO5 Black ta 2016, mita 10 take zuwa ba kwanso, sai an sa ta a kwanson nutso take kai mita 60. DJI Osmo Action 4 mita 18 ce ba kwanso. Kyamarorin da 'yan damfara ke turowa kuwa, jikinsu ba ya jure ko ɗigon ruwa, mita 30 ɗin da aka rubuta ta kwanso ce, kwanson kuma ba wanda ya gwada shi. Wannan bambanci yana da girma: idan kwanson kyamara mai jure ruwa ya ɗan yi yoyo, sau da yawa ta tsira, idan na wannan ya yi, ta tafi ke nan.

Kada alamar IP68, wadda ake sa wa kaya don nuna suna jure ƙura da ruwa, ta ruɗe ka. A ƙa'idar IEC 60529, IPX7 tana nufin zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 kuma tana nufin fiye da haka, amma mai ƙera kayan ne ke faɗin zurfin da tsawon lokacin. Gwajin da ruwan daɗi ake yin sa, ruwa a kwance. IP68 da ba a rubuta mita nawa a gefenta ba, ba ta gaya wa mai nutso komai ba.

Shi kwanson jabu, ana gane shi a hannu. Ka ciro zoben robar ka duba shi a haske: idan yana da tsini ko layin da injin ya bari, ko ya yi sako-sako a cikin raminsa, ruwa zai bi ta nan. Ka danna kowane madanni. Na kirki yana da tauri, domin sifirin ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da madannin sama, sai ya fi ƙarfin matsin ruwa. Mai laushi kuwa, da an kai mita 15 ko 20 ruwa ne zai riƙa danna shi, kyamara ta kashe kanta ko ta maƙale. Sifirin da ba na ƙarfe marar tsatsa ba ne, shiga ruwan gishiri biyu ko uku ya ishe shi yin ja. Sannan ka duba ƙofar baya, domin wasu kwalaye suna zuwa da ƙofa biyu, ɗaya rufaffiya, ɗaya mai tsaga don sauti ya shiga, kuma ba takardar da za ta gaya maka wadda ke maƙale. Gilashin gaba ma abin dubawa ne. Ƙaramin gilashi mai tudu da ke manne da idon kyamara yana sa hoto ya yi dishi-dishi a ruwa. Wannan matsala ce da GoPro ta farko ta yi fama da ita har ta fitar da kwanson nutso mai shimfiɗaɗɗen gilashi a 2012. Har yau akwai masu sayar da tsohon fasalin, wani lokaci ma filastik ne da ke karcewa da an goge shi.

Gwajin kwanso kuwa ba da kyamara a ciki ake yin sa ba. Ka sa busasshen tishu a ciki, ka tabbata ba gashi ko yashi a kan zoben, ka rufe, ka danne shi da wani abu mai nauyi a ƙasan bokitin ruwa na rabin awa, kana danna kowane madanni sau da yawa yana cikin ruwan. Ka goge bayan sosai kafin ka buɗe, don kada ɗigon waje ya faɗa ciki ya rikita sakamako. Sai dai bokiti iyakarsa ya kama babban yoyo. Matsin rabin mita ba komai ba ne, don haka a nutson farko kwanson ya sauka fanko da tishu zuwa zurfin da kake nufi, ko a zura shi da igiya da nauyi daga jirgi.

Sai batun 4K. Cikakken 4K fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan. 1080 kuwa miliyan 2 ne da 'yan kai. Abin da kyamarar jabu ke yi shi ne ta ɗauki ƙaramin hoto ta buɗa shi ya cika ma'aunin 4K. Kwamfuta za ta nuna maka 3840 da 2160, amma ba wani ƙarin bayani a hoton. Gwajin mai sauƙi ne: ka manna shafi mai ƙananan rubutu a bango, ka kafa kyamara a tazarar mita 2 cikin haske mai kyau, ka ɗauka a 4K, ka sake ɗauka a 1080, ka buɗe su a babban allo ka zuƙo. Idan rubutun da bai karantu a 1080 ba bai karantu a 4K ba, an yi maka algus. Haka idan an ce tana ɗaukar firam 60, wato hoto 60, a daƙiƙa: ka buɗe bidiyon a manhajar kallon bidiyo ta VLC ka riƙa danna harafin E, yana tafiya firam ɗai-ɗai, idan kowane hoto sau biyu yake fitowa, 30 ce aka ninka. Girman fayil yana taimakawa, tunda megabit 60 a daƙiƙa yana ba da kusan megabait 450 a minti, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, wasu na jabun ma manyan fayil suke fitarwa. A cikin ruwa wannan ha'inci ya fi fitowa fili, domin haske yana raguwa, jan launi yana ɓacewa tun wajen mita 5, ƙaramar sensa kuma, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, sai ta cika hoton da tsaki-tsaki.

Duk tallar da ta ce za ka kalli abin da kyamara ke gani a wayarka ta Wi-Fi alhali tana ƙarƙashin ruwa, ƙarya ce tsagwaronta. Ruwa yana shanye siginar Wi-Fi da Bluetooth cikin 'yan santimita, a kowace kyamara, mai tsada da mai araha.

Katin memori na "kyauta" da ake haɗowa da shi wani tarko ne. Ana sauya masa lissafi ya nuna gigabait 128 alhali ainihinsa kaɗan ne. Idan ya cika sai ya hau rubutu a kan tsoffin bidiyo, ba za ka sani ba sai ka fito ruwa fayil ya ƙi buɗewa. A gwada shi da manhajar H2testw a Windows ko F3 a Mac da Linux, waɗanda ke cika katin su karanto shi. Don 4K ana son kati mai alamar V30, wato yana rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa ba yankewa.

Akwai kuma masu sayar da kyamarar asali ta hannu wadda ruwan gishiri ya taɓa shiga. An busar da ita, tana kunnuwa, amma gishiri yana cin ta daga ciki. Ka haska tocila a ramin caji da ƙarafan da batir ke taɓawa. Fari-fari ko kore-kore alamar gishiri ce. Ka duba hazo a cikin gilashin ido, da robar ƙofar batir, da batir ko ya kumbura. Ka bar ta tana ɗauka minti 20 a jere. Mai sayarwar da ya ƙi nuna lambar jikin kyamara da rasit, a bar masa kayansa. Garantin kamfanoni ma yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa da ta faru ta ƙofar da ba ta rufu ba.

Wajen biya, araha ba ta ado, amma hanyar biyan ta fi farashin tona asiri. Wanda ya nace sai tura kuɗi kai tsaye ta banki, ko katin kyauta, ko kirifto, ko zaɓin PayPal na 'yan uwa da abokai, ya san waɗannan ba su da kariyar mai saye. Ka duba ranar rajistar adireshin shafin a WHOIS, wurin duba bayanan rajistar shafukan intanet. Shagon da ke cewa ya shekara goma amma adireshinsa na watan jiya ne, ya gama bayani. Wasu suna ba da lambar bin sawun kaya da za ta nuna an kai, alhali wani ɗan ƙunshi aka kai wani gida daban. Wasu kuma idan ka yi ƙorafi sai su ce ka mayar da kayan wata ƙasa mai nisa da kuɗinka, ko su yi tayin mayar maka da ɗan wani kaso ka yi shiru. Jan lokaci ne kawai har wa'adi ya cika.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya tsaya musayar saƙo da su. Ya ɗauki hoton tallar da shafin kafin a goge, ya ajiye rasit da saƙonni, ya haɗa da hoton jiƙaƙƙen tishu da bidiyon gwajin nan biyu na 4K da 1080, ya shigar da ƙara wurin bankin da ya ba shi kati bisa cewa kayan ba su ne aka siffanta ba. PayPal da bankuna kowanne da nasa wa'adin, don haka a tambaya tun ranar farko. Kada a rufe ƙarar bisa alkawarin mai sayarwa, domin wadda aka rufe ba kasafai ake sake buɗe ta ba. Idan kuma an shigar da lambar kati a shafin nasu, a sa banki ya toshe katin ya ba da sabo.