Gargaɗi ga masu neman sayen gida: kada ka sa hannu a takardar dillali kafin ka ga mai gidan

Jama'a, raina a ɓace nake wannan rubutu, domin abin da ya sami yayana bai kamata ya sake samun wani ba. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare. Da aka biya shi garatuti, sai ya haɗa da kuɗin gonar da ya sayar a ƙauye, ya ce zai sayi gida ko da ƙarami ne, iyalinsa su huta da haya. Naira miliyan 2 da dubu 700 na cikin kuɗin nan sun faɗa hannun wani dillali, gida kuwa ko bulo ɗaya bai mallaka ba.

Wani da suke sallah a masallaci ɗaya ne ya haɗa su. Dillalin mutum ne mai fara'a da iya magana, kullum carbi a hannu, Baba yake ce wa Yaya. Ya goya shi a babur zuwa wata sabuwar unguwa ta hanyar Gwarzo, ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe gida mai ɗaki uku da falo, da rijiya a tsakar gida, da darbejiya a ƙofa. Makullin nan shi ya kwantar wa Yaya da hankali, don a ganinsa ba a ba baƙo makullin gida. Da ya nemi ganin mai shi, sai aka ce Alhajin yana Abuja, amma bari a kira shi. Aka kira wata lamba, aka saka a sifika, wata murya ta dattijo ta yi ta cewa albarka, har aka tsaya a miliyan 14, ta ce ta sallama.

Washegari da yamma dillalin ya kira shi a gaggauce. "Baba, akwai wani ɗan kasuwar Kwari da zai zo da kuɗi gobe da safe. Ni kai nake so ka samu, kai ne mai iyali. Ka kawo kafin alƙalami yau a rufe magana." A wani shagon buga takardu suka haɗu dab da magariba. Takarda ce shafi biyu da Turanci, da hatimi ja a ƙasa. Yaya yana jin Turanci, amma Turancin lauyoyi daban ne, kuma a tsaye ya karanta, ana kiran sallah, dillali yana duba agogo. Ya sa hannu. Ya tura miliyan 2 na kafin alƙalami da dubu 700 na la'ada, wato kashi 5 cikin ɗari, duka zuwa asusun dillalin.

Ranar Juma'a ya je da matarsa za su auna tagogi saboda labule. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya sayar muku? Ai gidan marayu ne, maganar rabon gadonsa ma tana kotu." Ashe mai gidan ya daɗe da rasuwa. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne ya ba dillalin makulli don ya nemo ɗan haya. Muryar da aka ji a waya kuwa ta abokin dillalin ce.

Da Yaya ya koma masa, babu sauran Baba a bakinsa. Cewa ya yi, "Malam, ai ka sa hannu."

Sai a daren muka zauna muka karanta takardar a tsanake, ni da shi da wani lauya ɗan unguwarmu. Kowane layi a cikinta don kare dillalin aka tsara shi. Ta ce la'ada ta zama tasa daga lokacin da aka sa hannu, ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba. Ta ce idan ba a cika sauran kuɗin cikin kwana 14 ba, ko mene ne dalili, kafin alƙalami ya tafi ke nan. Ta ce dillali ba ya ɗauke da alhakin ingancin takardun gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda ta hana mai saye neman mai gida kai tsaye ba tare da izinin dillali ba. Sunan mai gidan ma babu shi ko'ina, babu lambar filoti, babu lambar fayil. Mutum ya sa hannu a kan ba zai nemi wanda zai sayi gida a hannunsa ba, wannan ai cinikin biri a sama ne aka rubuta shi a takarda.

Tun da labarin ya bazu a dangi, wasu ke cewa maganin abin shi ne kada a kuskura a sa hannu a kowace takarda da dillali, a yi komai da baki kamar yadda iyaye suka yi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Iyayenmu sun yi ciniki da baki ne a lokacin da kowa ya san kowa, mai unguwa ya san tarihin kowane kango. Yanzu gari ya faɗaɗa, mutum bai san maƙwabcinsa na katanga ba. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ko a maganar Yaya, sa hannun dillalin da shaidar tura kuɗi ta banki su ne suka hana shi musun ya karɓa. Lauyan ya tabbatar mana cewa yarjejeniyar da aka ƙulla a kan yaudara ba ta kare mayaudari, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani da ƙarya.

Saboda haka a rubuta, amma kai za ka kawo takardar, ko lauyanka ya duba tasu a ofishinsa, ka kwana da ita. Ta faɗi cikakken sunan dillali da inda yake zaune, da sunan mai gida kamar yadda yake a takardun mallaka, da ainihin gidan da ake magana a kai. Ta faɗi nawa ne la'ada, wa zai biya, kuma a rubuta ƙarara cewa ba a biyanta sai an gama ciniki an miƙa takardu da makulli. Idan bincike ya nuna matsala a gidan, kafin alƙalami ya dawo cif. A kuma tambayi dillalin a gaban shaidu, wakilin wa ne shi? Da yawa suna karɓa a hannun mai saye, su karɓa a hannun mai sayarwa, sannan su ɗora wani abu a kan farashin ba tare da sanin kowa ba. Dillalin kirki, kuma akwai su da yawa da suka tsufa a sana'ar da mutuncinsu, ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara cewa "ba ka yarda da ni ba ke nan?" to ka tattara kuɗinka. Kunyar nan ta kada a ce mun raina mutum ita ce ke cinye mu.

Takardar dillali kuma ba ita ce takardar gida ba, mutane suna haɗa su. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce ba a mayar da haƙƙin mallakar da gwamna ya bayar zuwa ga wani sai da amincewarsa. Idan gida yana da satifiket, a je hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a binciki fayil ɗinsa kafin a biya ko sisi: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A nan za a ga sunan wa ke kai, da ko an jinginar da shi a banki. Idan awon igiya ne babu satifiket, to ƙafa ce za ta yi aiki. A je wurin mai unguwa da dagaci, a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta na dama da hagu ba tare da dillalin ba. Da Yaya ya yi wa tsohuwar nan sallama kafin ya biya, da ba a kai ga haka ba. In gidan gado ne, a ga takardar rabon gado ta kotu, magada kuma su sa hannu da kansu, ba ɗaya ya ce yana wakiltar saura da baki ba. Kuɗi kuwa asusun mai gida za su shiga, wanda sunansa ya yi daidai da na takarda, bayan kun zauna da shi ido da ido. Murya a waya ba shaida ba ce.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, an kama dillalin, an ba da belinsa, magana tana kotu. Ya zuwa yanzu dubu 600 kawai ya dawo da su, kashi-kashi. A ranar da muka je ofishin, mun tarar da wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, riƙe da takarda iri ɗaya sak da ta Yaya, har da jan hatimin, a kan gidan nan dai. Duk wanda ya san an ba shi irin wannan takarda, ya ɗauke ta tare da shaidar biyan kuɗinsa ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, kada ya tsaya jiran sulhun da dillalin zai yi ta ɗagawa. Yaya dai ya sake biyan hayar shekara a gidan da yake ciki.