Maganin kiyashi mai zaƙi: yana aiki, amma iskar Gusau na busar da shi

Duk mai sana'ar kayan zaƙi ta san bayan tsadar sikari, kiyashi da shazumami ne ke cinye mata riba. Tuwon madara da gullisuwa nake yi a Tudun Wada ina kai wa masu shaguna, kuma ɗakin da nake shanya kaya ba wurin fesa fiya-fiya ba ne. Guba ce, ga madara da saurin kama wari. Allin nan da ake zanawa a ƙasa kuwa, waɗanda suka taka kaɗai yake kashewa, gobe wasu su ɓullo ta wata kafar. Shi ya sa na sayi wannan na 'yar kwalbar roba a wajen masu maganin ƙwari. Ruwan sikari ne mai ɗan kauri da aka haɗa da sinadarin boraks, ana ɗiga shi a kan hanyarsu. Kuɗinsa ya fi na alli nesa ba kusa ba.

Ranar farko ƙaruwa za su yi. Wannan ya kamata mai shago ya faɗa wa duk mai saye, don na san mata da yawa a nan za su ɗauko tsintsiya su ce an cuce su.

Na durƙusa da tocilar waya na kalle su. Shazumami sun kewaye ɗigon, kowanne ya kafa kai a bakin ruwan, ba motsi sai 'yan ƙahonnin nan biyu. Kana kallo bayansa na kumbura, har baƙin ya rarrabu, fararen layuka su bayyana a tsakani, hasken tocila na ratsa shi. Sai ya juya da nauyi ya kama hanya, wani siriri ya maye gurbinsa.

'Yar yayata da ke karatun halittu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ce ta warware min abin. Ta ce, “Gwaggo, wanda kika ga ya cika cikin nan ba don kansa ya sha ba.” Ashe suna da ɗan harshe. Wasu jinsunan lasa suke yi da shi, irin su shazumami kuma zuƙa suke, da wata tsoka a cikin kai mai aiki kamar famfon tuƙa-tuƙa. Ruwan ya bi ta siririn ƙugun nan ya taru a wata jaka da ke gaban ainihin tumbi, kuma tsakanin jakar da tumbin akwai mashiga mai rufewa. Kaɗan yake sakarwa ya wuce don kansa. Sauran ya kai rami, ya amayo shi baki da baki ga 'yan uwansa, da tsutsotsin da ba su zama ƙwari ba, har ya isa ga sarauniyar da ke saka ƙwai. Waɗanda muke gani a faranti 'yan aike ne kawai, yawancin gidan na ƙasa. Don haka aka yi maganin mai jinkirin kisa. Da nan take yake kashewa, da ɗan aiken ya mutu a hanya da kayansa.

Ta kuma ce a ƙarƙashin bakinsu akwai ɗan aljihu mai tace tsaki, shi ya sa babba ba ya iya haɗiye abu mai tauri. Ƙwayar sikarin da kika ga suna ja, sai an jiƙa ta narke kafin a sha.

To a nan matsalar kayan take. Ruwa in ya yi kauri, zuƙarsa wuya take musu, su daɗe a kai ba su cika ba. Mu kuwa da hunturu iska ba ta barin komai da danshi, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Ɗigon da na sa da safe, kafin azahar ya zama ƙaro. Su zo su taɓa shi su wuce. Takardar jikin kwalbar, da Turanci ƙanana-ƙanana, ba ta ce komai kan wannan ba, da alama ba don ƙasa irin tamu aka rubuta ta ba. Bakin kwalbar ma yana toshewa, sai da allura.

Dabarar da ta yi min: in zuba a murfin lemon kwalba, in ƙara ɗigon ruwa in ya fara daskarewa, in kifa ƙaramin gwangwani a kai da 'yar kafa ta shiga, a inuwa. Da la'asar nake sawa, don shazumami da dare suka fi fita. Sai kuma a kawar da duk wani zaƙi da ke kusa, wanda a gidana aiki ne ja. Dole na riƙa ɗora farantai a kan tebur, ƙafafunsa cikin kwanonin ruwa. Layin ya yi ta sirancewa, kafin wata ya ƙare na daina ganin su a ɗakin.

Ba kowanne yake ci ba. Jajayen kiyashin da ke bin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kicin ɗina ko kallon sa ba su yi ba. Tururuwar da ke jidar gero a tsakar gida ma haka, gara kuwa ba lissafinta a ciki. In naki na sikari ne, shayi, zuma ko zoɓo, saya, kuɗinki ba zai faɗi ba.

Mai yara ta kula sosai. Abu ne mai zaƙi, ba launi, ba wari, kuma boraks ba abin sha ba ne. Nawa a bayan durowa nake sawa, inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa. In za ki saya, karkata kwalbar a gaban mai shago. Wadda ta kwana biyu a rumfar kwano ruwanta ba ya gudu, ki ce ya canza miki.