Jan akori-kura da tayoyi huɗu a ƙasa: taɓa wayarin ko kwance farfela?

Ana yawan tambayata wanne ya fi, musamman masu irin motocin Amurka da ake ɗaurawa a bayan motar-gida (babbar mota mai ɗakin kwana a ciki), waɗanda maɓallinsu na zaɓen tayoyin da inji zai juya ke da 2H (biyu) da 4H (huɗu) da 4L (huɗu a ƙaramar giya) kawai, babu firi, wato matsayin da ke raba tayoyi da giyabos yayin ja.

Firin yana nan cikin akwatin raba ƙarfi (mai rarraba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya), tsakanin 4H da 4L. Gyaran wayarin shi ne a sa ƙaramin moton da ke sauya giyar ya tsaya daidai wurin. In an dace, dannawa ɗaya ta wadatar. Amma abin da ke tayar min da hankali: inji a kashe, famfon man giyar otomatik ba ya aiki. Moton ya ɗan goce, tayoyi su riƙa juya giyabos babu mai, sai dai ka ji ƙauri. Ga garanti ya tafi, ga kuɗin mai wayarin.

Kwance farfelar baya (sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya) kuwa sifana ce da kwanciya ƙarƙashin mota. Ka yi alama da alli, ka kwance ta wajen aksul, ka ɗaure ta sama tamau. Arha, ba fargaba, sai wahala kowace tafiya.

Mai ja kowane mako, da ƙwararren mai wayarin a hannu, gyaran zai yi masa. Mai ja sau biyu a shekara, farfela ta ishe shi.