Wata shida da tsohuwar OptiPlex GX260 a ɗakina

A wani shago na titin Beirut a Kano na ga wannan tsohuwar kwamfutar, ƙura ta rufe ta a ƙarƙashin tarin wayoyi. Mai shagon ya zaci kayan gyara nake nema. Da na ce masa gida zan kai ta in kunna, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ga sababbi nan masu sauri, me za ka yi da wannan?" Ban iya yi masa bayani ba. Na biya kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na rungumo ta a hammata kamar jakar makaranta.

Dell OptiPlex GX260 ce, ƙaramin samfurin da ake kwantarwa a kan tebur a ɗora monita a bisa. Ta fito a 2002, tana ɗauke da Pentium 4. Duk wanda ya taɓa sayen tikitin awa ɗaya a kafe, wato shagon shiga intanet, wajen shekarun 2005 zuwa 2008 ya san irinta, ko da bai san sunanta ba: baƙa mai ratsin toka, da tambari zagayayye a gaba. Ofisoshin Amurka da Turai kan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, sai tsofaffin su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga Ikeja su hauro Arewa. A kan irinta na buɗe imel ɗina na farko. A kan irinta muka kwana a kafe, janareta na kuka a waje, muna jiran shafi ɗaya ya buɗe. Tawa har yanzu akwai ragowar wata takarda manne a gefenta, an kankare rubutun, alamar ta yi wa wani ofishi bauta kafin ta iso gare mu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake buɗe ta. Ba sukuddireba, ba noti. Ka danna maɓallai biyu, sai ta wangale kamar akwatin lefe, komai na cikinta a fili. Wuraren da aka yarda ka taɓa an yi musu launin kore, rumbun ajiya kuma zare shi ake yi a kan 'yan sanduna. Wanda ya zana ta ya yi tunanin mai gyara, ya san akwai ranar da wani zai tsuguna a gabanta da gaggawa. A baya akwai ƙananan fitilu huɗu, A, B, C, D. Idan duk sun yi kore, lafiya lau. Idan wata ta yi ruwan ɗorawa, tana gaya maka inda ke mata ciwo. Na daɗe ina kallon waɗannan fitilun ranar farko. Wayar da ke aljihuna ta ninka ta ƙarfi ba adadi, amma ko batirinta ba zan iya cirewa da hannuna ba.

Shekaru ashirin da ɗoriya ba wasa ba ne, kuma tsufa ya taɓa ta. Ɗan batirin agogo, CR2032, ya mutu, kullum sai ta manta kwanan wata. Na sauya shi. Rumbun ajiyarta irin na da ne, IDE mai faffadar igiya, yana ƙara kamar ana niƙan gero a nesa, kuma samun wani mai lafiya ya ɗauke ni mako uku. Na ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ya kai gigabait 1, na sa mata Windows XP. Da tudun nan kore da shuɗin sama suka bayyana a allo, wallahi sai da na yi shiru.

Kada kowa ya saye ta don aiki. Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, yawancin shafukan intanet na yau ba sa buɗewa a tsohuwar burauzarta, kuma haɗa ta da intanet buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Ni ban haɗa ta ba. Tana da zafi, a watan Afrilu fankarta ba ta hutawa, kuma tana shan wuta fiye da yadda ƙaramin jikinta ya nuna, don haka ba na ɗora ta a kan batirin sola. Rubutu nake yi a kanta, in duba tsofaffin hotunan da na kwafo daga faya-fayan CD, yarana kuma sun gano wasan ƙwallon nan na Pinball, har faɗa suke yi a kansa.

Mai son ya nemo irinta, ya buɗe ta a gaban mai sayarwa kafin ya biya. Ya duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon ciki. Idan kawunansu sun kumbura ko sun tsatso da wani abu ruwan ƙasa, ya ajiye ta, sai dai in ya iya aikin dalma. Ya kuma leƙa baya ko akwai ɗan jan maɓallin zaɓen ƙarfin wuta mai 115 da 230. Wadda ta zo daga Amurka tana iya kasancewa a kan 115, kuma wutarmu 230 ce, jona ta haka ƙonewa ne nan take.

Yanzu ta zama kwamfuta ta uku a kan kantar ɗakina. Idona yana kan Mac mini na farko na kamfanin Apple, na 2005, wanda faɗinsa inci shida da rabi ne kawai, sai dai wannan ban taɓa zama a gabansa ina yaro ba, sha'awa ce kurum. GX260 kuwa na san ƙarar fankarta tun kafin in kunna ta. Abin da ya rage mata shi ne siririn wurin sa CD, nata ya daina karanta faifai, kuma mai shagon ya yi mini alkawarin zai duba cikin kayan da za su iso masa daga Legas ƙarshen wata.