Wata huɗu ina shan ƙwayar kalsiyam mai bitamin D

Shekaruna 57, shekara shida ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Ciwon gwiwa ne ya kai ni asibiti a nan Birnin Kebbi. Likita ya ɗora ni a sikeli, ya ce, "Hajiya, kilo 94 ya yi wa gwiwar nan yawa." Na rage tuwon shinkafa, na bar lemon kwalba, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba.

Amma ya ja mini kunne a kan ƙashi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yana raguwa, hanji ba ya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kamar da, rage cin abinci kuma sai ya ƙara rage tsotsar. Abin da jiki bai samu a abinci ba, daga ƙashi yake kwasa. Bitamin D ne ke taimaka wa hanjin, fata kuma ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Na yi masa musu, na ce ranar Kebbi ai ba ta bar kowa da rashi ba. Ya tambaye ni yaushe rabon da rana ta taɓa hannuna. Gaskiya ce, daga ɗaki sai hijabi, ga shi baƙar fata ta fi jinkirin haɗa bitamin ɗin.

Ƙwayar da nake sha, kowace ɗaya tana da miligiram 500 na kalsiyam da IU 400 (ma'aunin bitamin ke nan) na D3, wani nau'in bitamin D. Mace mai shekaruna tana buƙatar miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, har da na abinci. Ɗaya da safe, ɗaya da dare, domin jiki ba ya tsotsar fiye da 500 da kyau a lokaci guda. Kuma sai a kan abinci mai ɗan mai, shi ya sa nake haɗa ta da miyar kuka da busasshen kifin Yauri, wanda nake tauna har ƙayar.

Aibinta: ƙwayar ƙatuwa ce, ga ɗanɗanon alli, makon farko kuma bayan gida ya yi mini tauri sai da na ƙara ruwa da zogale. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yaron kemis ɗin da ya ce, "Mama, wannan narkar da teɓa take yi." Ba ta yi. Kilo shidan da na sauke na tafiya ne da rage tuwo. Bai kuma faɗa mini a raba ta da maganin ƙarin jini da awa biyu ba, sai da na koma wurin likita na ji.

Ba na jin aikinta a jiki kamar maganin zazzaɓi, ban kuma sa ran haka ba. Zan ci gaba da saye, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙanwata da ke Argungu ta taɓa yin tsakuwar ƙoda, na hana ta ɗiba daga kwalbata sai likita ya duba ta.